Bayan An Ajiye Kaki

Aikin da nake yi a Marwa, a arewacin Kamaru, shi ne zama da mutanen da suka yi aikin soja, in saurare su, in kuma yi musu tambayar da kowa a gidansu yake gudu: ko suna tunanin kashe kansu. Idan na je gida Garwa aka tambaye ni sana'ata na faɗa, sai ka ji an ja salati. Wani ya ce Musulmi ba ya haka. Wani ya ce mutumin da ya ga wuta ido da ido ai babu abin da zai karya masa zuciya. Duka biyun ba gaskiya ba ne, kuma irin wannan zato ne yake sa mutum ya haɗiye abin da ke cinsa har a wayi gari an rasa shi.

Ban shiga jami'a da niyyar aiki da sojoji ba. Bayan na ci jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare, na bi jirgin ƙasa na dare daga Ngaundere zuwa Yawunde, na shiga sashen ilimin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Yawunde ta ɗaya. Digirin farko shekara 3 ne, sai mastas shekara 2 a fannin duba masu lalurar ƙwaƙwalwa, tare da koyon aiki a asibitin Jamot. A can na san iyakata. Masanin halayya ba ya rubuta magani, wannan na likitan ƙwaƙwalwa ne. Namu shi ne sauraro, auna nauyin ciwo, da jinya ta hanyar magana mai tsari. Abin da ya fi min wuya a koyo shi ne yin shiru: mutum ya tsaya a tsakiyar zance, ka ƙyale shi, kada ka yi gaggawar cike gurbin da nasiha.

Ina gama karatu yaƙi ya iso ƙofar gidanmu. Daga 2014 Boko Haram ta riƙa tsallako iyaka, sunayen Amchide, Kolofata, Fotokol da Limani suka cika rediyo. A watan Janairun 2015 sojojin Chadi suka shigo taimako, a watan Yuli na shekarar bama-bamai suka tashi a cikin Marwa kanta, a kasuwa da unguwar Barmare. Rundunar BIR, ta sojojin Kamaru masu kai ɗaukin gaggawa, ta bazu a kan iyaka, rundunar haɗin gwiwar ƙasashen tafkin Chadi, mai hedikwata a Njamena, ta kafa sashenta na Kamaru a Mora. Ni kuwa na samu aiki da wata ƙungiyar agaji mai kula da 'yan gudun hijira, irin waɗanda suka cika sansanin Minawao. A nan aka horar da mu kan tsarin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa mai suna mhGAP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 domin ƙasashen da ba su da isassun likitocin ƙwaƙwalwa. Mata da yara ne muka fi gani.

Sojoji ta hannun matansu suka fara zuwa mini. Mace za ta kawo yaro mai fitsarin kwance ko mai firgita cikin barci, idan an gama sai ta tsaya tana gyara goyo, ta rage murya ta ce, "Malam, ka san babansa ma ba ya barci." Ka bi zancen a hankali, sai ka ji maigidan ya dawo daga fagen daga, ko an sallame shi saboda rauni, kuma tun da ya dawo gidan ya zama wurin takatsantsan. Ba a buga ƙofa da ƙarfi. Ba a tashinsa daga barci da hannu, sai dai a kira sunansa daga nesa.

Su kansu idan sun yarda sun zo, ba za ka taɓa jin ɗayansu ya ce yana cikin damuwa ba. Ciwon kai zai ce maka, ko ƙirjinsa na zafi, ko jikinsa ya mutu. Zai zaɓi kujerar da ke fuskantar ƙofa. Idan salansar babur ta yi ƙara a titi, za ka ga kafaɗarsa ta ɗaga kafin ya ankara. Akwai wanda ya gaya mini ya canza hanyar zuwa masallaci don kada ya wuce gaban mai tsire da magariba, saboda ƙaurin nama a kan wuta yana mayar da shi wani ƙauye da ba ya son tunawa. Da yawa sun riga sun nemo wa kansu magani: tiramol da safe don jiki ya tashi, wasu kuma giya da dare don ido ya rufe. Wannan ciwo na firgicin bayan bala'i likitocin Amurka sun shigar da shi kundinsu a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, kuma akwai takardar tambayoyi 20 da muke auna shi da ita.

Sai dai firgicin shi kaɗai ba shi ne yake kai mutum bakin kabari ba. Bayanin da na ga ya fi dacewa da abin da ke gabana shi ne na masanin nan na Amurka, Thomas Joiner, wanda ya fitar a 2005. Ya ce haɗarin yana tsananta idan abu uku suka haɗu wa mutum: ya ji ya zama kaya a wuyan mutanensa, ya ji ba shi da kowa, sannan tsoron mutuwa da na zafin jiki ya riga ya fita daga ransa. Ka ɗauki tsohon soja ka gwada. Jiya albashinsa ne ke ciyar da gidansa da na mahaifinsa, da kuɗin makarantar ƙanne. Yau yana zaune da ƙafa ɗaya, takardun fansho suna yawo daga tebur zuwa tebur, matarsa ce ke soya ƙosai a ci. Abokan da suka kwana rami ɗaya da shi suna can bariki ko an yi musu canjin wurin aiki zuwa kudu, na unguwa kuma ba su san abin da ya gani ba. Tsoron mutuwa kuwa, aikin ne da kansa ya cire masa shi, don da shi ba a yaƙi.

Akwai kuma wani miki da likita Jonathan Shay ya bayyana bayan doguwar jinyar tsofaffin sojojin Biyetnam: mikin da mutum ke samu idan ya aikata, ko ya gani, ko aka umarce shi da abin da zuciyarsa ta san ba daidai ba ne. A nan yankin ba sai an yi dogon bayani ba. Wanda ya tsaya a shingen bincike a shekarun da ake ɗaura wa ƙananan 'yan mata bam, ya ga yarinya tana tahowa ba ta tsaya ba, daƙiƙa nawa yake da su ya yanke shawara? Ko wace shawara ya yanke, da ita zai kwana har tsufansa. Irin waɗannan ba tsoro ne ke hana su barci ba, kunya ce da ganin cewa Allah ba zai yafe musu ba.

Yawancin binciken da muke dogaro da shi daga Amurka ya fito, domin su sun daɗe suna ƙirga mamatansu. Fiye da tsofaffin sojoji 6,000 ne ke kashe kansu a can kowace shekara, kusan mutum 17 a rana, kuma wajen 7 cikin 10 da bindiga ne. Tun 2007 suka buɗe musu layin waya na musamman, dare da rana. Sun kuma gano cewa shekarar farko bayan barin aiki tana daga cikin mafi haɗari. Kada wani ya ce wannan ciwon Turawa ne. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019, fiye da mutum 700,000 ne suka mutu ta wannan hanya a duniya, kuma yankin Afirka ne a sama, da mutum 11.2 cikin kowane 100,000, alhali matsakaicin duniya 9 ne.

To, yaya ake yin tambayar? Mutane suna tsoron cewa ambaton abin zai dasa shi a zuciyar wanda bai yi tunaninsa ba. An yi bincike a kan wannan sau da yawa, kuma ba a samu haka ba. Muna bin matakan ma'aunin da aka tsara a Jami'ar Columbia: a fara da ko mutum yana fatan mutuwa, sannan ko yana tunanin kashe kansa, ko ya yi tunanin hanya, ko yana da niyya, ko ya shirya, ko ya taɓa gwadawa. Amma ba na karanta wa dattijo takarda kamar ɗan sanda. Zan ba da misali da wani da ya yarje mini in faɗi labarinsa, na kuma sauya abubuwan da za a iya gane shi da su.

Sajan ne mai ritaya, ya haura shekara 50. Ya ƙi shiga ofis, don haka a kan benci muka zauna ƙarƙashin darbejiya. Mun daɗe muna zancen tsadar dusa, domin yana kiwon raguna. Can ya ce shi dai ya gaji.

Na ce, "Baba, gajiyar nan takan kai ka inda kake fatan ka kwanta kada ka tashi?"

Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa. Sannan ya ce, "Yaro, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"Haka ne, Baba. Amma ba na so in yi maka zato, shi ya sa zan tambaye ka kai tsaye. Kana tunanin kashe kanka?"

Bai yi fushi ba. Ya ce tun bayan babbar salla abin yake zuwar masa, galibi tsakanin ƙarfe 2 na dare da kiran assalatu, idan gida ya yi tsit. Ya ce har ya fara biyan ƙananan basussukan da ke kansa, ya kuma ba ƙaninsa takardun fili. Wannan magana ta ƙarshe ita ta tayar mini da hankali. Mutumin da ya fara sallamar duniya a natse ya fi mai kuka kusa da haɗari.

Ban bar shi ya tafi ba sai da muka yi abin da ake kira shirin tsira, wanda Barbara Stanley da Gregory Brown suka tsara, hukumar tsofaffin sojojin Amurka kuma ta karɓe shi tun 2008. Hikimarsa ita ce tunanin kashe kai yana zuwa ne yana lafawa, kuma lokacin da yake kan ganiya gajere ne. A wani bincike da aka yi a Ostiriya, kusan rabin waɗanda suka gwada suka tsira sun ce tsakanin zuwan tunanin da aikatawa bai wuce minti 10 ba. A cikin irin waɗannan mintuna ƙwaƙwalwa ba ta iya shawara, don haka ake shirya mata shawarar tun da rana.

Mun fara da alamominsa shi kansa, da bakinsa: kwana biyu a jere babu barci, kashe waya, daina fita sallar asuba. Sai abin da zai yi shi kaɗai idan ya ji abin ya taso. Ya ce alwala da ruwan randa, sannan ya fita tsakar gida ya zuba wa raguna harawa, ya kunna rediyo. Idan bai lafa ba, inda zai je ya zauna cikin mutane ko da ba zai ce komai ba: teburin mai shayi na bakin tasha, wanda ba ya rufewa. Daga nan sai wanda zai buɗe wa ciki. A nan muka daɗe. Ya ƙi zaɓar matarsa, ya ce nauyin da ke kanta ya isa. Ya ƙi limamin unguwa, don kunya. A ƙarshe ya ambaci wani kofur da suka yi Fotokol tare, Kirista ne ɗan kabilar Tupuri, ya ce wannan ko ƙarfe nawa ne zai ɗauki waya. A gabana muka kira shi. Sai lambata da ta ɗakin gaggawa na asibiti. Da yake ba ya son a ga takarda a aljihunsa, da muryarsa ya naɗi shirin a wayarsa, yana jero matakan kamar mai ba ƙananan sojoji umarni.

Mataki na ƙarshe shi ne mafi nauyi, shi ne kuma wanda na fi imani da shi: nisanta mutum da abin da zai iya hallaka kansa da shi. A 2006 rundunar Isra'ila ta hana sojojinta tafiya gida da bindiga a hutun ƙarshen mako, yawan masu kashe kansu a cikinta ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Siri Lanka ta haramta magungunan ƙwari mafi guba, yawan masu kashe kansu ya faɗi da wajen kashi 70 cikin 100 daga tsakiyar shekarun 1990. Mu nan ƙasar auduga ce da albasa, kusan kowane gida akwai maganin feshi, sau da yawa a ƙarƙashin gado. Akwai bindigar farauta, akwai tarin ƙwayoyi. Ba za ka ce wa soja ya miƙa makami ba, zai ji kamar an cire masa girma. Abin da nake cewa shi ne, "Baba, wa za ka ba ajiya na 'yan watanni, amana, har guguwar nan ta wuce?" Ƙaninsa ya zo da yamma ya kwashe abin da ya kamata a kwashe, ya kai gidansa ya kulle. Da yardar Sajan muka sanar da uwargida, wadda ta ce ta daɗe da sani, ba ta dai san wa za ta gaya wa ba.

Idan na ga mutum yana da niyya da shiri a hannu, ba na tsayawa a nan. Ba a barinsa shi kaɗai ko na minti ɗaya, kuma tare muke tafiya wurin likita a ranar. Wanda baƙin cikinsa ya yi zurfi yana bukatar magani tare da magana, babu abin kunya a ciki.

Shirin tsira yana sayo lokaci ne kawai, jinyar tana gaba. Gwajin da David Rudd da Craig Bryan suka yi da sojojin Amurka, aka buga a 2015, ya nuna gajeriyar jinya ta zama 12 ta rage yunƙurin kashe kai da kusan kashi 60 cikin 100. Ina ɗaukar abubuwa daga cikinta. Amma ga mikin yaƙi na fi amfani da jinyar ba da labari da wasu masana na Jamus suka tsara, aka kuma gwada ta a kan 'yan gudun hijirar Sudan a Yuganda. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa ta zama rayuwar mutum daga haihuwa, a bar ƙarshenta a naɗe domin kwanakin da ba su zo ba. Kowane abin farin ciki a ajiye fure, kowane bala'i a ajiye dutse. Ni daga rairayin kogin Mayo Kaliyawo nake tsinto duwatsuna. Sajan ya jera nasa, ya zo kan wani wuri ya ɗauki mafi girma, ya riƙe shi a hannu ya kasa ajiyewa. Ranar ba mu yi maganarsa ba. Makonni muka yi muna bin igiyar daga yarinta, kiwon awaki, shiga soja, auren fari, kafin muka iso wurin. Da muka iso, sai da ya faɗi komai dalla-dalla: ƙarfe nawa ne, me ya ji a hancinsa, me ya faɗa a ransa. Ina rubutawa, in karanta masa a zama na gaba, yana gyara mini. Da haka abin yake tashi daga wanda ke faruwa kowane dare ya koma wanda ya faru a wata rana, a wani wuri, ya wuce.

Batun addini ba na kauce masa, don a nan mikin kunya yake warkewa ko ya ruɓe. Haramcin kashe kai a fili yake, kuma yana tsare mutane da yawa. Amma na ga yadda wa'azin da ba shi da komai sai wuta yake rufe bakin mai ciwo, ya ga ko tunanin ma ya fitar da shi daga rahama, to wa zai gaya wa? Ayar da ta hana, ta 29 a Suratun Nisa'i, da ambaton jin ƙan Allah ta ƙare. A cikin Sahihu Muslim kuma akwai labarin mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufailu ɗan Amru, ciwo ya tsananta masa a Madina har ya yi sanadin ajalinsa da hannunsa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa masa gafara. Ni ba malami ba ne, don haka nakan nemi malamin da ya san wannan ya zauna da mutum, idan Kirista ne in nemi fasto ko fada. Wanda yake son ruƙiyya ba na hana shi, ina dai roƙon kada a ce ya bar maganin asibiti, kada kuma a ɗaure shi.

Bayan an sallami mutum ba na sakin sa. Wani likita a San Faransisko, Jerome Motto, ya gwada aika gajerun wasiƙun gaisuwa ga waɗanda suka ƙi ci gaba da jinya, ba tare da neman komai a wurinsu ba, aka ga mutuwa ta ragu a cikinsu a shekaru biyun farko. Tawa wasiƙar saƙon murya ce ta WhatsApp: "Baba, barka da Juma'a, ya raguna?" Ko bai amsa ba, wani makon zan sake.

Ba kowa muke samu ba. Akwai matashin da muka yi shiri da shi, yana zuwa, har ya fara acaba, aka kira ni wata safiya aka ce ya rasu. Na je jana'iza, na kuma koma gidan bayan an watse, domin iyalan wanda ya kashe kansa su ma suna shiga haɗari, ga tsegumin unguwa a kansu. Mahaifiyarsa tambaya ɗaya take maimaitawa, ko za a karɓi addu'arta a kansa. Na kawo mata malamin da ya tabbatar mata cewa ɗanta Musulmi ne, an yi masa salla, kuma addu'ar uwa ba ta da shamaki. Ni kaina na daɗe ban yi barcin kirki ba. A wannan aiki dole kana da babba a sana'a wanda kake kai wa nauyinka, ni tawa tsohuwar malamata ce a Yawunde, muna waya a kai a kai. Ɗalibin da ke sha'awar fannin nan ya nemi irin wannan tun kafin ya karɓi mutum na farko.

Yanzu rabin lokacina koyarwa ne, domin mu masu wannan karatu ba mu da yawa, kuma tsohon soja ya fi jin maganar wanda suka sha ƙura tare. Nakan tara ma'aikatan jinya, matan sojoji, da tsofaffin sojojin da suka farfaɗo, mu yi ta gwaji biyu-biyu har bakin kowa ya saba da furta tambayar ba tare da kwana-kwana ba. Sannan abin da za a yi idan an ce e: kada a yi faɗa, kada a yi wa'azi a lokacin, kada a rantse za a rufa asiri, a zauna da shi, a kawar da abin haɗari, a kai shi asibiti mafi kusa. Sajan yana cikin masu taya ni, kuma idan ya yi magana 'yan'uwansa sukan yi tsit fiye da yadda suke yi mini.

Waɗanda suka fi damuna a yau su ne 'yan sa-kai na ƙauyukan iyaka, waɗanda suka tsare garuruwansu da kwari da baka da bindigar toka, wasunsu suka tare masu bam da jikinsu. Sun ga abin da soja ya gani, amma ba su da lamba, ba su da bariki, ba su da fansho. Ba za su zo Marwa neman masanin halayya ba, kuɗin mota ma aiki ne. Don haka muke bin su ranar kasuwa, ni da wani ma'aikacin jinya mai jin Kanuri da Mandara, mu sauka wurin mai gari tukuna mu yi gaisuwa, sannan a ba mu rumfa a bayan kasuwa inda mutum zai iya shigowa kamar mai neman maganin ciwon kai.